Tabulban Ashirin na Aro

Ni tela ne. Ba don na fi kowa ilimi ba aka ɗora mini sakataren kwamitin iyayen yara na lakwal, wato makarantar boko, ta garinmu. A cikin iyayen ni kaɗai na kai aji shida, ni kaɗai nake iya riƙe bik in rubuta takarda da Faransanci wadda in ta isa hannun manya ba za su yi dariya da ƙarfi ba. Ranar zaɓen ma ba na gari, na tafi kasuwar Bande sayen zare da maɓallai. Da na dawo wani ya tare ni a bakin rijiya ya ce, "Barka, tela, an ba ka." Na ce an ba ni me? Ya ce wahala. Da wasa ya faɗa, amma bai yi ƙarya ba.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Magariya da Dungas, irin wanda mota ba ta shiga sai direba ya yi niyya. Lakwal ɗinmu azuzuwa uku ne, malamai uku, kowane malami yana riƙe da aji biyu a wuri ɗaya. Na ce azuzuwa ne don babu wani sunan da zan kira su. Rumfuna ne na karan gero da zana. Kowace shekara in an gama girbi sai iyaye su sari itace, su kawo kara, a kafa, a ɗaure. In damina ta zo iska ta kwashe rabi, awaki su ci rabi, gara ta ƙarasa abin da ya saura. Saboda haka lakwal ɗin gwamnati tana buɗewa a watan goma, tamu kuwa tana buɗewa ranar da kara ya bushe, ta rufe ranar da hadarin farko ya haɗo. Yara a kan yashi suke zama, mai gata ya zo da buhu ya shimfiɗa. A kan gwiwa suke rubutu.

Babban aikin sakatare a wurinmu shi ne barar kara. Gida gida nake bi ina sallama, kuma tun da kara ya zama abincin dabbobi ya yi daraja, mutum sai ya dube ni ido cikin ido ya ce bana bai samu ba, ga shi kuwa na hango dammuna jibge a kan bishiyar gidansa. Wani ya ce in dawo gobe. Wani matarsa ta leƙo ta ce ba ya nan, alhali ga takalmansa a bakin ƙofa. Ni kuma Allah bai yi ni da sanyin baki ba, sai in faɗa wa takalman abin da na zo faɗa wa mai su, in wuce.

Abin da ya hana ni jefar da aikin ita ce 'yata ta fari. Ko sunanta ba na kira a gaban mutane, haka muka taso, amma Allah ya sani babu abin da nake so kamarta. A lokacin tana aji huɗu. Wata rana direktan lakwal, wani saurayi mai haƙuri da aka turo mana daga nesa, ya zo shagona ɗinkin wando, ya ce mini, "Baba tela, yarinyar nan tana da kai. Da za ta sami shekara guda cikakka, daga farko har ƙarshe, wallahi za ta ci jarrabawa ta tafi kwaleji. Amma da wata biyar ko shida da muke yi, ban yi maka alkawari ba." Tun daga ranar na sa wa raina abu ɗaya: kafin ta shiga aji shida sai an gina mana aji na bulo da rufin kwano, wanda ba ya jiran kara, ba ya gudun hadari.

Shekara biyu ina rubuta takardu. Na hau moto, wato babur, na je ma'aikatar magajin gari har mai gadi ya san tarina. Ba zan yi musu ƙage ba, ba su taɓa korata ba. Sukan ce, "Malam, ƙauyuka nawa ke gare mu, duk irin naku ne, kuɗin kuma ka san yadda suke." Su karɓi takardar, su buga mata tambari, su sa ta a kan 'yan'uwanta.

Sai ga labari wata safiya, direkta ya kawo shi da gudu har yana tuntuɓe. Wani furoje, irin shirin ƙungiyoyin taimakon nan, zai gina azuzuwa uku na bulo, da tabulban ɗinsu, wato bencinan nan masu haɗe da tebur, a ƙauye ɗaya na yankinmu. An tace an tace, saura garuruwa biyu: mu da garin da ke gabas da mu, tafiyar awa guda a ƙasa. Baƙi za su zo su gani da idonsu wa ya fi buƙata. Mu ranar Talata, su ranar Laraba.

Na ajiye almakashi na yi hamdala. Na san garin gabas kamar tafin hannuna, ƙanwata a can take aure. Suna da rumfuna biyu irin namu, amma suna da tsohon aji guda na gini, ya tsattsage dai amma yana tsaye, da tabulban ashirin a ciki tun na wani zamani. Mu ko ƙusa ba mu da ita. A karo na farko a rayuwata talauci zai yi mana rana. Na ce wa direkta abu ɗaya ne kawai za mu yi, kada kowa ya taɓa komai. A bar zanar da ta huje, a bar tabulo, allon aji, da ya koɗe har alli ba ya kama shi, a bar yara su zo yadda suke zuwa kullum.

Da la'asar aka taru a ƙofar maigari. Dattijo ne mai mutunci, bai taɓa cin haƙƙina ba, kuma shi ya yi wa gawar mahaifina salla. Ina faɗar wannan ne don kada a ɗauka mugu ne. Ya saurare ni har na gama, sannan ya gyara zama ya ce, "Yanzu kai tela, so kake baƙi su taso tun daga birni, su tarar da 'ya'yanmu zube a ƙasa kamar kaji?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da suka zo gani ke nan."

"Su zo su ga tsiraicinmu?"

"In ba su gani ba, ranka ya daɗe, ta yaya za su rufa mana?"

Wani dattijo daga gefe ya ce, "Kai yaro, in ka yi baƙo a gidanka, tsohuwar tabarma kake fito masa da ita?" Aka yi ta gyaɗa kai. Wani ya ƙara da cewa ai mai bayarwa ba ya ba ƙazami, in suka ga muna kula da ɗan abin da ke hannunmu, sai su ce waɗannan su ne za su riƙe gini. Maganar ta yi wa kowa daɗi, har ni sai da ta ɗan taɓa ni. Na juya wajen direkta ina neman ya kama mini. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Ban ga laifinsa sosai ba. Baƙo ne, daga gidan maigari ake kai masa tuwo safe da yamma, kuma shi ma yana tsoron a rubuta cewa lakwal ɗinsa ba ta da tsari.

Na ɗaga murya, na rantse, na ce wallahi za mu yi da-na-sani. Aka ce tela dai da zafin kai, a bar shi ya huce. Kafin a kira magariba an yanke shawara: za a aika garin gabas a aro tabulban ɗinsu.

Wanda bai san mu ba zai ce wannan hauka ne, ka je aron kaya wurin wanda kuke takara da shi. A wurinmu ba wani abu ba ne. Tsakaninmu da su komai aro ne. In suna biki mu kai musu manyan tukwane, in muna suna su kawo mana tabarmi da lasifika. Ba a taɓa aikawa an dawo hannu biyu ba, hana aro abin kunya ne da za a yi shekaru ana faɗa. Aka shirya za a ɗauko ranar Litinin, a mayar musu Talata da yamma, su ma su fita kunyar baƙi ranar Laraba. Kuma wa aka ce ya raka amalanke? Sakatare mana. Wai ni ne mai sa hannu.

Direktan garin gabas dattijo ne, ya kusa ritaya, mai ƙarancin magana. Ya tsaya yana kallo ana fito da kayan ana lodawa. Ya ce mini, "Duka za ku ɗauka?" Na ce haka aka aiko ni. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Mushe," haka muke kiran malamin lakwal, "ni ban tabbata da komai ba, shanu ma sun fi ni sanin inda za mu." Bai yi dariya ba. Ya ce a yi hankali da guda biyu, ƙafafunsu na rawa.

Da na dawo gari ban gane lakwal ɗin ba. Tabɗi! Mutanen da na shekara biyu ina bi suna ce mini ba su da ko damin kara guda, su ne suka kwance sababbin zanakin gidajensu suka kawo da kansu. Mai takalman nan na bakin ƙofa har da hawa kan rumfa yana ba da umarni. An share fili, an yayyafa ruwa, an jera duwatsu an shafe su da farar ƙasa tun daga bakin hanya. An shafa wa tabulo baƙi har yana ƙyalli. Na tsaya da igiyar shanu a hannu ina tambayarsu, ashe kuna da shi? Ashe duk shekarun nan kuna da shi? Kowa ya ci gaba da aikinsa da fara'a.

Sai wata matsala ta taso. Tabulban ɗaya yara uku yake ɗauka, in an matsa. Yaranmu kuwa sun ninka abin da ashirin za su ɗauka, har da ɗori. Wasu a sama wasu a ƙasa ba zai yi kyan gani ba. Nan ma aka samo dabara, kuma ita ce ta fi ƙona mini rai har yau. Aka yi shela cewa kowane yaro ya zo da kayan salla, wanda kuma ba shi da kayan kirki ko takalmi ya zauna gida ranar, wai ya huta. Na je ƙofar maigari na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan ƙirga yara za su yi. In suka ga kaɗan, za su ce rumfa ta ishe mu." Ya ce, "Ai sunayensu na cikin littafin mushe." Na ce littafi kowa yana iya cika shi, kai suke ƙirgawa. Ya ce in je in sha ruwa.

To, ga inda nawa laifin ya fara, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ina komawa gida na tarar maiɗakina ta fito da rigar sallar yarinyar ta ajiye a kan keken ɗinki. Ta yi mata gajarta. Ta ce, "Malam, ko za ka saki lafin?" Na ce ba zan taɓa ba, ta je da ta kullum. Ta ce to, ta fita, ta bar rigar a wurin. Na zauna ina kallonta. Na tuna 'yar mai takalma za ta zo da leshi, tawa kuma ta zo da riga mai faci a kafaɗa, ko ma a ce da ita ta koma gida. Na saki lafin. Na hura gawayi na yi mata guga. Maƙwabta suka ji ƙarar keke, suka fara aiko nasu. Dare guda ƙafata ba ta sauka daga kan keken ba. Ni da na fi kowa ihu, ni na fi kowa gyara wa ƙaryar nan zama.

Amma ban saki gaba ɗaya ba. Na rubuta takarda, na faɗi komai a ciki: tabulban na aro ne, zana daga gidaje aka kwanto, yara fiye da rabi suna gida. Na ninke ta na sa a aljihun gaba. Niyyata in sami shugabar baƙin ita kaɗai in miƙa mata.

Talata da hantsi manyan motoci kat-kat biyu suka iso. Mutum uku ne masu aikin, shugabarsu wata mace mai tabarau, Bahaushiya ce, amma Hausarta ta yamma. Mata suka yi guɗa, aka kawo fura da nono, aka soya zabi. Suka shiga aji ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya yana ƙirga kawuna, ɗaya yana ƙirga tabulban, ita kuma tana cike wata takarda mai gidaje gidaje, tana ɗaukar hoto da waya. Na leƙa ta ƙofa na hango 'yata a layin gaba, ta miƙe baya, ta ɗora hannu biyu a kan tebur kamar wadda aka haifa a kai. Yara suka tashi suka gaishe su da murya ɗaya. Wallahi abin ya yi kyau, har na ji wani alfahari na banza yana taso mini.

Ita kaɗai kuwa ban same ta ba. Duk inda ta sa ƙafa dattawa biyar na biye da ita. Da aka gama aka zauna a inuwar bishiyar bedi, gari duka ya kewaye, sai ta tambaya wane ne sakataren iyaye. Aka nuna ni. Ta ce, "Malam sakatare, kai ne bakin iyaye. Me ke damun lakwal ɗinku? Me kuka rasa?"

Ga dama ta zo har gabana, da Hausa, ba sai na nemi kalmar Faransanci ba. Takarda tana aljihuna, ina jin kaifin ninkinta a ƙirji. Na dubi maigari. Da harara ya yi mini, da na faɗa, don ni harara ƙara mini ƙarfi take yi. Murmushi yake yi, irin na uban da ɗansa zai yi magana a gaban manya. Bayansa ga mutanen gari, kowa da wankakkiyar riga, kowa fuska a sake. In na buɗe baki, a gaban baƙi zan ce duk waɗannan maƙaryata ne, tun daga mai furfura har mai guɗa.

Sai na ji bakina ya ce, "Alhamdu lillahi, madam, sai godiya."

Ta ce, "Babu komai?"

Na ce, "Sai abin da ba a rasa ba."

Ni a zuciyata jira nake ta sake tambaya. Kowa ya san haka ake yi. In ka tambayi mutum lafiya zai ce lafiya lau ko da ciwo na cin sa, sai ka matsa, ka sake matsawa, a ta uku ko ta huɗu yake fara cewa, to, sai dai ɗan abin nan. Na shirya ɗan abin nan nawa tsaf. Ita kuwa ta duƙa ta yi alama a wani gida na takardarta, ta juyo da ita ta ce in sa hannu a ƙasa. Na sa. Kai, tir da ni!

Ba a nan ta tsaya ba. Suka dubi agogo suka ga ko azahar ba ta yi ba. Shugabar ta tambayi direba nisan garin gabas, ya ce nan da nan ne. Ta ce to me zai sa su kwana su dawo, bari su ƙarasa yau. Suka yi godiya, suka shiga mota, suka tafi. Muka tsaya muna ɗaga musu hannu, tabulban ɗin mutane ashirin suna ƙarƙashin 'ya'yanmu.

Ranar na ga maigari ya yi sauri, abin da ban taɓa gani ba. Aka sauke yara, aka ɗaura shanu, aka yi lodi ana ihu. Amma ina amalanke ina kat-kat, a cikin yashi kuma? Muka isa bayan la'asar, sawun tayoyinsu kawai muka tarar. Sun sami garin gabas yadda Allah ya yi shi: ba shara, ba fura, yara cunkushe a ƙasa cikin tsagaggen gini babu ko abin zama ɗaya, wasu ba riga, rumfuna a huje. Maigarinsu ya fito a fusace. Ya ce mun tozarta su a gaban baƙi, mun ci amanar aro, shi bai taɓa jin kunya irin ta yau ba. Muka yi ta ba shi haƙuri. Ni da bakina na ba shi haƙuri, ina sane da cewa mun gina masa azuzuwa uku.

Da na koma gida yarinyar tana cire rigar salla tana ninkewa. Ba ta cika yi mini magana kai tsaye ba, uwarta take faɗa wa don in ji. Ta ce, "Inna, ashe in mutum ya yi rubutu a kan tebur bayansa ba ya ciwo." Na fita waje kamar zan duba akuya.

Bayan 'yan makonni sakamako ya fito. Garin gabas aka ba. Mu kuma aka aiko mana da wata takarda mai kauri, mai zanen ganye a gefe, takardar yabo. Maigari ya tara mutane ya ce in karanta in fassara. Na tsaya a gaban jama'a ina mayar da ita Hausa jimla jimla: wai an yaba wa garinmu saboda iyaye sun tsaya da ƙafarsu, sun wadata 'ya'yansu da wurin zama, sun zama abin koyi ga sauran ƙauyuka. Aka yi kabbara. Maigari ya dube ni ya ce, "Ka gani, tela? Sunan gari ya fita."

Na ce, "Na gani, ranka ya daɗe. In ruwa ya zo sai a riƙa wa yara ita a ka."

Ban kyauta ba, a gaban jama'a ne, kuma sa'an mahaifina ne. Washegari na je na durƙusa na ba shi haƙuri, ya ce ya yafe, ya ce shi ma bai yi barci ba. Ya tambaye ni a hankali ko akwai gyara. Na ce zan gwada.

Na hau moto na koma ma'aikatar magajin gari, na sami mai kula da harkar makarantu na kwashe komai na faɗa masa. Ya saurara, ya riƙe baki, ya yi dariya har da hawaye, sannan ya nemi gafara. Ya ce, "Malam, yanzu me kake so in rubuta? In ce kun shirya wa baƙi abin da babu? Ga sa hannunka a ƙasa. In wannan magana ta fita, ba wannan ginin kaɗai ba, na gaba ma ba za a sa sunanku ba. Ka bar ta a nan." Ya ƙara da cewa in an jima wani furoje zai zo. Na tambaye shi yaushe. Ya buɗe tafin hannu ya nuna sama.

Damina ta sauka da wuri a shekarar. Masu zana tun washegarin zuwan baƙi suka kwance abinsu suka mayar gida, tsofaffin da aka mayar kuwa iskar farko ta kwantar da su. Aka sallami yara. Duk lokacin da na je gaida ƙanwata sai in ga ginin gabas ya ƙara tashi, daga tushe zuwa taga, daga taga zuwa kwano. Har fenti suka yi masa, rawaya da shuɗi.

Watan goma ya kama. Ranar da gwamnati ta ce a buɗe, lakwal ɗin gabas ta buɗe. Tamu fili ne da guntayen itace, gero ma bai gama bushewa a gona ba. Na kwana uku ina juya abin a raina. Ranar ta huɗu na ce wa yarinyar ta haɗa kayanta, na ɗora ta a bayan moto, na kai ta gidan goggonta. Tsohon direktan ya karɓe ta bai tambaye ni komai ba, ya rubuta sunanta, ya nuna mata wuri kusa da taga. Ta sami shekararta cikakka, abin da na shekara biyu ina nema. Sai dai ita kaɗai na samar wa.

Da kara ya bushe na ɗauki sandata na fara zagaye kamar kullum, don har yanzu ni ne sakatare, babu mai son karɓa. Gida na shida ko na bakwai na wata bazawara ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku a lakwal. Duka ukun suna cikin waɗanda aka ce su huta ranar baƙi. Na yi sallama ina shirin jin bana ba a samu ba. Ba ta ce haka ba. Ta shiga bayan ɗaki ta jawo dami biyu, daga cikin ɗan abin da ta tara wa tumakinta, ta ajiye a gabana. Ta tsaya tana kakkaɓe hannu.

Ta ce, "Sakatare, taka fa? A wace rumfar za ta zauna cikin waɗanda za mu kafa?"

Ta sani. Gari duka ya sani. Kuma ba gatse take yi mini ba, da gatse ne da na sami abin mayarwa. Na duƙa na kama gyara ɗaurin damin.

Ta ce, "Ba laifi. Nawa dai suna nan, ba su da goggo a can."

Ta taimaka mini na ɗora dami ɗaya a ka, na ce zan dawo in ɗauki ɗayan.